Wa ya ba su lambata?

Laraba, bayan Isha

Kawu Ladan: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu ilimin zamani ku duba muna wanga abu. Tun la'asar wata lamba da ban sani ba ta turo man hoton ga da rubutun Turanci ƙarƙashi. Yarona ya karanta man, wai wanga yaro ɓarawo na, ya ci kuɗin kamfani ya gudu, wai ni na mai lamuninai, in ban biya ba cikin awa biyu za su watsa hotona ni ma. Ɗan ƙanwata na, kun san shi, gidana yat tashi. Ni ban taɓa jin sunan kamfanin ga ba, balle in tsaya ma wani. To wa ya ba su lambata?

Barista: Wa alaikumus salam Kawu. Don Allah fara goge hoton daga nan. Mun kusa mutum ɗari biyu a zauren WhatsApp ɗin nan, kuma abin da suke so ke nan, ka taya su rabawa kyauta. Amma saƙon da ke wayarka kar ka taɓa shi, shi ne shaidarmu.

Shugaban Zaure: Na goge. Wanda ya riga ya sauke, ya ji tsoron Allah ya goge nasa.

Ɗan Arkilla: Innalillahi. Manhajar bashi ce Kawu. Ni ma an taɓa turo min na wani abokina, su ma sun ce ni ne mai tsaya masa, alhali ko kuɗin shayi ban taɓa tsaya masa ba.

Kawu Ladan: Na kira shi yanzu, da ƙyar yad ɗauka, shina kuka. Injin mashin ɗinai na kabu-kabu yab buga, yan nemi dubu 30. Dubu 21 sunka turo mai, wai sauran kuɗin aiki na. Kwana bakwai sunka ba shi ya maida dubu 30. Yau kwana tara, sun ce ta koma dubu 36. Abin da yah hi tada man hankali, uban yarinyad da za ya aura bayan Sallah shi ma an tura mai.

Alhaji Mai Albasa: Ladan, Allah shi kyauta. Amma ni dai zan hwaɗi gaskiya ko ba ta yi daɗi ba. Kowa yac ci ladan kuturu ya yi mai aski. Wa yat tilasta mai? Da hannunai yad danna. Ni shekara talatin ina kasuwar albasa, littafin bashina ya hi na makaranta kauri. Akwai wanda yad ɗauki buhu goma tun kakar bara waccan, shina wuce ni bisa sabuwar mota shina ɗaga man hannu. Mutanenmu ba su tsoron komi sai kunya. Da can in mutum yaƙ ƙi biya, ƙofar gidanai aka zuwa a tsaya, ko a kai shi ga mai unguwa, kowa ya ji. Waɗanga ma abin da sunka yi ke nan, waya dai ta maye ƙofar gida.

Malama Inno: Alhaji, kai da kake tsayawa ƙofar gidan mai bashinka, ka taɓa zuwa gidan surukinsa? Ka taɓa buga hotonsa ka rubuta ɓarawo ka manna a masallaci?

Alhaji Mai Albasa: Ban taɓa ba Malama. Amma na sha yin niyya.

Injiniya Nana: Kawu bari in amsa maka tambayarka, don ba wanda ya amsa ta. Shi ne ya ba su lambarka, amma bai san ya bayar ba. Ranar da ya sa manhajar, kafin ta buɗe sai ta nemi izini: in ga lambobin wayarka, in ga saƙonninka, in ga hotunanka, in san inda kake. In ya ƙi, ba za ta matsa gaba ba. Mutumin da mashin ɗinsa ke wurin makanike ba zai tsaya tunani ba, dannawa kawai zai yi ta yi. Daga wannan dannawar, cikin daƙiƙoƙi an kwashe duk sunayen da ke wayar an kai kwamfutocinsu. Hoton kuma shi ya ɗauka da kansa lokacin rajista, ai na ga gefen katin shaidarsa a hannunsa kafin a goge.

Ba kuma haka kawai suka zaɓe ka ba. Ka tambaye shi da wane suna ya ajiye ka. In “Kawu” ne, to shi ke nan. Mai karɓar bashi sunaye irin su Baba, Kawu, Oga, Suruki yake nema, inda abin zai fi zafi.

Kawu Ladan: To yanzu in ya goge ta?

Injiniya Nana: Ya cire mata izini ya goge, hakan yana da kyau, amma abin da suka kwasa ya riga ya tafi. Kamar wanda ya kwafe littafinka ne sannan ya maido maka da shi.

Ɗan Arkilla: Ba an ce Google ta hana wannan ba?

Injiniya Nana: Ta hana. Daga 31 ga Mayun 2023 duk manhajar bashi da ke Play Store ba a yarda ta nemi lambobin waya ko hotuna ba. Tun kafin nan ma dokarsu ba ta yarda da bashin da za a ce a biya shi duka cikin kwana 60 ko ƙasa da haka ba. Bashin kwana bakwai da kansa alama ce. Ka yi lissafi, dubu tara a kan dubu 21, wajen kashi 43 cikin ɗari ke nan a mako ɗaya.

Bello Mai Gyara: Injiniya ai ba ta Play Store suke shigowa ba yanzu. Talla ce a Facebook, ko a turo maka hanya ta WhatsApp, ka danna ta sauka kai tsaye. Wasu ma ta Xender suke tura wa juna, kamar waƙa. Wayar za ta yi gargaɗi cewa ba a san asalin abin nan ba, yaro ya danna ci gaba. Kullum sai an kawo min shago, “Oga ta ƙi shiga, sa min.” Da ina sawa in karɓi ɗari biyu. Tun da aka watsa hoton wani maƙwabcina na daina. Akwai wanda na gani da guda shida a waya ɗaya, yana cin wannan yana biyan waccan.

Ɗan Arkilla: Oga Bello ku ma fa masu gyara akwai magana a kanku. Waya ta kwana wurinku, hotunan mutane su kwana a gari.

Bello Mai Gyara: Ba zan kare kowa ba, akwai ɓata-gari a cikinmu. Ni dai in gilashi ne ko wurin caji, ba na karɓar lambar buɗe waya. Mai ita ya tsaya a gwada a gabansa.

Maman Hanan: Salam. Akwai turaren wuta da humra masu kyau, ana kaiwa har gida cikin gari.

Shugaban Zaure: Maman Hanan talla ranar Asabar ce. Barista muna jiranka.

Barista: Afuwan, wayata ce ta mutu. Alhaji, maganarka tana da ƙafa ɗaya mai ƙarfi, zan dawo kanta. Amma bari in raba abin biyu, don mutum biyu aka taɓa: yaron, da Kawu.

Na yaron tukuna. Akwai dokar kare bayanan jama'a da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023, ita ta kafa hukumar NDPC. Dokar ba ta ɗauki kowace dannawa a matsayin yarda ba. Yarda sai mutum ya san abin da ya yarda da shi, ya yi don ransa, a kan abu takamaimai, kuma yana da ikon janyewa. In aka yi gardama, kamfanin ne zai kawo hujjar cewa an yarda, ba yaron ba. Sannan bayanin da aka karɓa don wani dalili ba a juya shi zuwa wani. Ya ba da hoto don a tabbatar shi ne, bai bayar don a rubuta ɓarawo a ƙasa ba.

Na Kawu kuwa ya fi sauƙi. Kawu bai danna komai ba. Ko mu ƙaddara yaron ya karanta sharuɗɗan nan daga farko har ƙarshe, ya fahimta, ya sa hannu gaban shaidu, yardarsa a kan bayanan kansa take tsayawa. Lambar Kawu ta Kawu ce, ajiya aka ba shi. Sashe na 37 na tsarin mulki ma ya kare sirrin ɗan ƙasa, da gidansa, da wasiƙunsa, da maganarsa ta waya. Lamuni kuma ba a ɗora wa mutum shi yana barci. Kawu, ko sisi ba sa binka.

Kawu Ladan: Alhamdu lillahi. Wallahi har na fara lissafin akuyad da zan kai Kara.

Barista: Kuma ba sabon abu ba ne. A Agustan 2021 hukumar bunƙasa fasahar zamani ta ƙasa, NITDA, ta ci wani kamfanin bashi mai suna Soko Lending tarar naira miliyan 10 a kan irin wannan aika saƙo ga mutanen da ke wayar mai bashi. Sunan dai ya yi kama da namu, amma ba ɗan Sakkwato ba ne. A Maris 2022 hukumar kare masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu a Legas, daga baya a shekarar ta wajabta musu rajista. A ƙarƙashin dokar 2023, babban kamfani zai iya shan tarar naira miliyan 10 ko kashi biyu cikin ɗari na kuɗin da ya samu a shekara, duk wanda ya fi yawa. Wanda aka cuta kuma yana iya zuwa kotu neman diyya.

Alhaji Mai Albasa: To naji. Mai kuɗi hwa? Ya rungume hannu?

Barista: Yana da hanyoyi. Tun 2017 akwai dokar da ta tsara kamfanonin da ke ajiye tarihin masu cin bashi, a kai sunanka can, gobe ka nemi bashi ko'ina a ga ba ka biya. Bankuna kuma tun 2020 Babban Banki ya ba su tsarin cire kuɗinsu daga wani asusunka ta hanyar BVN, in ka sa hannu kan haka lokacin karɓa. Ga kuma kotu.

Alhaji Mai Albasa: Kotu bisa dubu talatin! Barista kai nawa kaka amsa kahin ka buɗe baki? Kuɗin mota da na takarda sun hi bashin. Shi ya sa nic ce kunya ta ɗai ka aiki. Kuma ni na ji wurin karatu, hadisi na, wanda ad da hali yaƙ ƙi biya, mutuncinai ya halatta. Malam Sidi na nan, ya hwaɗi in ƙarya nika yi.

Barista: Ƙafar da na ce maka ke nan. Gaskiya ne bin ƙaramin bashi ta kotu asara ce, kuma mu lauyoyi ba mu da amsa mai daɗi a kan haka. Amma su ba su shiga sana'ar a makance ba. Sun san wasu ba za su biya ba, shi ya sa suka zabga ruwan da ko mutum biyu cikin goma sun gudu suna da riba. Kai kana ba wanda ka sani, ka san gidan ubansa. Su ba su san kowa ba, sai suka mai da mutuncin dangi jingina.

Malama Inno: Ku duk maganar namiji kuke yi. Bari in ba ku ta mace. Wata abokiyar aikina, ba zan faɗi makarantar ba, ɗanta ya kwanta asibiti ana saura kwana goma albashi. Ta ji nauyin roƙon kowa, ta ci irin wannan bashi a ɓoye. Albashi ya yi jinkiri. Ba ɓarauniya suka ce mata ba, da ma haka ne da sauƙi. Abin da suka rubuta ƙarƙashin hotonta ba zan iya maimaita shi a nan ba, ku dai kun gane. Ya je wa iyayen ɗalibanta, ya je wa yayyen mijinta. Mijin ya san ƙarya ne, amma uwarsa ta ce sai ta tafi gida tukuna. Wata uku ta yi a gidansu. Kuɗin ta biya cikin mako biyu, amma har yau in ta shiga biki sai ta ga ana taɓa juna. Alhaji, namiji in an ce ɓarawo, ya biya a ce ashe bashi ne. Mace wace rasit za ta nuna?

Alhaji Mai Albasa: Subhanallahi. Wagga kam ba bin bashi ba ta.

Ɗan Arkilla: Wasu ma sanarwar rasuwa suke haɗawa da hoton mutum yana raye.

Shugaban Zaure: Dare ya yi. Malam Sidi bai buɗe ba tukuna, mu bar masa zuwa safe.

Alhamis, da hantsi

Malam Sidi: Assalamu alaikum. Na karanta duka bayan Asuba. Alhaji bai yi ƙarya ba, hadisin yana nan, da wani ɗan'uwansa da ya fi shi shahara, cewa jinkirin mai hali zalunci ne. Sai dai a lura da kalmar: mai hali. Wanda yake da shi ya hana. Wanda ba shi da shi kuwa, aya ta 280 cikin Baƙara ta ce a jinkirta masa har ya samu sauƙi. Yaron da abin neman abincinsa ke kwance wurin makanike, a wane ɓangare yake?

Sannan halattar mutuncin da aka ambata, malamai sun fassara ta da cewa mai bin bashi ya iya cewa wane ya zalunce ni, ya riƙe min haƙƙina, ya faɗa a inda za a karɓar masa. Horon kuma na alƙali ne. Ba a ce ka yi masa ƙarya ba. Wanda ya ci bashi ba ɓarawo ba ne, ko a fiƙihu hukuncinsu daban. Ba a kuma ce ka bi dangi da surukai kana tsorata su ba.

Lamuni kuwa, yadda Barista ya faɗa haka yake a wurinmu. Mutum shi ke ɗora wa kansa da bakinsa. Ba a wayi gari a ce maka kai ne lamuni.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne wannan dannawar. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani ta bashi ce, ta 282, kuma ta ce wanda bashin ke kansa shi zai yi shifta a rubuta, in ba zai iya ba waliyyinsa ya yi. Wato sai ya san abin da ke cikin takardar. Yanzu an kawo shafi ashirin da Turancin lauyoyi, da haruffa kamar ƙwayar gero, an ce yaron da ya tsaya a aji uku na sakandare ya danna ya amince. Ni ban iya kiran wannan yarda da zuciya ɗaya ba.

Amma kar yaron ya ji daɗi da yawa. Ya shiga riba da ƙafarsa, ya tuba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Alhaji Mai Albasa: Allah shi gafarta Malam, na karɓa. Amma a riƙa hwaɗa ma masu cin bashi nasu su ma, ba kullum mai bi ba.

Malam Sidi: Ana faɗa Alhaji, ranar ce ba ka zuwa da wuri.

Kawu Ladan: Allah shi gafarta Malam, to nawa za ya biya? Ashirin da ɗaya, ko talatin, ko talatin da shida?

Malam Sidi: Abin da ya shiga hannunsa, dubu 21. Uwar kuɗi ita ce haƙƙinsu, aya ta 279 ta faɗa.

Barista: Nan zan ɗan saɓa wa Malam, ba a hukunci ba, a abin da zai iya biyowa. Laifin da suka yi bai goge bashin ba, kuma a takarda dubu 30 ya amince zai mayar. In kamfani ne mai rajista, zai iya riƙe wannan. Shawarata, ya biya 21 ɗin yanzu, ta banki, cikin asusun da ke ɗauke da sunan kamfani, ba na wani mutum da za a turo masa ta WhatsApp ba. Ya ajiye rasit. Sauran kuma mu rubuta musu cewa muna jayayya a kai, kuma mun kai ƙara FCCPC da NDPC. Duka biyun ana shigar da koke ta shafinsu na intanet, ba sai an je Abuja ba. FCCPC tana wallafa jerin waɗanda ta yi wa rajista, zan duba ko suna ciki. In ba sa ciki, su ne za su fi mu gudun hukuma.

Abin da nake so a tara min: hoton kowane saƙo da lambar da ta turo da lokaci, sunan manhajar, alat ɗin dubu 21, da sunayen waɗanda aka tura wa in sun yarda a ambace su.

Kawu Ladan: Ni abin da ban gane ba, an sa mu layi cikin rana muna haɗa NIN da layin waya, anka ce don a kama masu laihi. Wagga lamba da ta kira ni ba ta da NIN?

Barista: Tana da shi Kawu, tun umarnin Disambar 2020 lokacin Minista Pantami kowane layi sai da shi. Jami'an tsaro za su iya bin sawu ta kamfanin waya in sun bi ƙa'ida. Samun wanda zai tashi ya yi a kan ƙaramin mutum, nan gizo ke saƙa.

Bello Mai Gyara: Kuma sunan da ke kan layi ba lallai shi ne mai riƙe da shi ba. Akwai masu sayen layin da aka riga aka yi wa rajista da sunan wani bawan Allah a ƙauye. Shi ya sa nake hana mutane ba da NIN ɗinsu don an ce za a raba tallafi.

Ɗan Arkilla: Barista tambaya. Misali wani ya riga ya tura hoton jiya zuwa wani zaure kafin a goge. Misali ne fa.

Barista: Ka gaya wa misalin ya je ya goge yanzu. Wanda ya maimaita ɓata suna shi ma ya ɓata, ba a cewa ai ni turawa kawai na yi, kuma ɓata suna laifi ne a kundin laifukanmu, ban da diyya. Mutane sun fi jin tsoron sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka yi ta kama 'yan jarida da shi. An taƙaita shi a gyaran 2024, yanzu ya fi karkata ga batsa da ƙaryar da aka yi don tada fitina ko barazana ga rai. Amma tsohuwar dokar ɓata suna tana nan daram.

Ɗan Arkilla: Misalin ya goge.

Injiniya Nana: Ni akwai abin da ke damuna tun jiya. Muna ta la'antar waɗannan, kuma sun cancanta, amma wa a cikinmu bai taɓa ba da lambobin mutane ba? WhatsApp ɗin nan da muke ciki sai da muka ba ta izinin duba lambobinmu. Truecaller fa, da kowa ke jin daɗinta don tana nuna sunan mai kira? Sunayen nan ba daga sama suka faɗo ba, daga abin da mutane suka ajiye kuma suka bayar aka tara su. NITDA ta buɗe bincike a kanta tun 2019. Kakata a Gwadabawa ba ta taɓa riƙe babbar waya ba, amma na sa lambarta na ga sunanta. Ba wanda ya tambaye ta.

Ɗan Arkilla: Na duba ta Kawu yanzu. Wallahi ba ni na rubuta ba. “Ladan Kar Ka Ɗauka.”

Kawu Ladan: Wane ɗan banza na!

Malama Inno: Kawu ka rage kiran mutane ƙarfe biyar na asuba.

Shugaban Zaure: To ni ma da na zuba mutane a zauren nan ban tambaye su ba, kowa yana ganin lambar kowa, har ta matan aure. Barista ina cikin laifi?

Barista: Dokar ta ɗaga ƙafa ga abin da mutum ya yi don harkar kansa ko ta gidansa, muddin bai keta sirrin wani ba. Ba wanda zai kai ka NDPC. Amma tura wa mutum gayyata ya shigo da kansa ya fi.

Malam Sidi: Wannan ko ba doka ai tarbiyya ce. Da can in baƙo ya tambayi gidan wane, yaro ba ya nunawa sai ya shiga ya ce ana sallama. Lamba ma ƙofar gida ce. Ni kaina an sha ba da tawa ga masu neman taimako ba a tambaye ni ba, kuma masu bayarwar suna ganin alheri suka yi.

Alhaji Mai Albasa: Waɗanga dokoki dai ƙananan kifi suka kamawa. Mai Facebook wa ka taɓa shi?

Barista: An taɓa shi Alhaji. A Yulin 2024 FCCPC ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220, kuma batun bayanan 'yan Najeriya yana cikin dalilan. Sun ɗaukaka ƙara, kotun sauraron irin wannan ta tabbatar da tarar a Afrilun 2025.

Alhaji Mai Albasa: Nawa yaz zo Sakkwato ciki?

Barista: Wannan sai ka tambayi waɗanda ka zaɓa.

Asabar

Kawu Ladan: Jama'a na gode. Jiya bayan Juma'a mun tahi gidan surukin da Malam Sidi. Mutumin kirki na, ya ce shi abin da yaɓ ɓata mai rai ba bashin ba na, ɓoyewar ta. Ya kira yaron ya yi mai faɗa sosai, ya ce in za ka riƙe ɗiyata ka koyi buɗe baki ga manya in ka shiga matsi. Biki na nan yadda anka sa. Barista ya shigar da koken, ya ce sunansu ba ya cikin jerin masu rajista.

Malama Inno: Alhamdu lillahi. Dubu 21 ɗin fa, an samu? In ba a samu ba mu yi karo-karo.

Alhaji Mai Albasa: An samu. Ni nib ba shi. Ba kyauta ba ta, kar wani ya ji. Na rubuta cikin littafina da Hausa, ya karanta da bakinai, Malam da Bello sun sa hannu. Dubu uku duk Juma'a har mako bakwai, ba ƙarin ko kwabo. Ban amshi lambar kowa ba, na san ƙofar gidan Ladan.

Malam Sidi: Allah ya saka da alheri. Ƙofar gidan Ladan dai ba ta cikin abin da na sa wa hannu.

Injiniya Nana: Kawu a gaya masa kar ya yi mamaki in wata manhajar daban ta fara turo masa tayin bashi, ko ku da ke wayarsa. Jerin yana hannunsu, kuma sau da yawa masu manhaja ɗaya su ne masu wasu da sunaye daban. In kuɗin da bai nema ba suka faɗo asusunsa, kar ya taɓa, ya sanar da banki a rubuce.

Kawu Ladan: Sun ma sake kirana jiya da sahe da wata lamba, wata yarinya tana ta Turanci. Na ce ta dakata, na karanto mata lambar Barista.

Ɗan Arkilla: Kawu ka tambayi Barista kafin ka bayar?

Barista: Bai tambaya ba. Sun kira sau huɗu ina gaban alƙali.